Tarihin Awon Yalwar Iri a Cikin Halitta: Daga Fangalin Ƙirga Zuwa Lissafin Abin da Ba a Gani Ba

0. Gabatarwa

Mai sayen hatsi a kasuwar Maraɗi ba ya zazzage buhu domin ya san abin da ke ciki. Yakan cusa hannu ya ɗebo kaɗan, ya baza a tafinsa, ya duba ƙwaya da dusa da tsakuwa, sannan ya yanke hukunci a kan buhun gaba ɗaya. Wannan ɗan abin da ya ɗebo shi za mu kira « ɗiba » a cikin wannan maƙala, wato abin da Faransanci ke kira échantillon. Masu nazarin tsirrai da dabbobi su ma da ɗiba suke aiki, tunda babu mai iya ƙirga kowace ciyawa ta daji. Sai dai tambayarsu ta fi ta mai sayen hatsi wuya: iri nawa ne ke rayuwa a wannan wuri, kuma nawa ne daga cikinsu suka kuɓuce wa hannun mai ɗiba?

Manufarmu a nan ita ce mu bi tarihin wannan tambaya daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau. Mai karatu yana iya mamakin abin da ya kawo ta sashen nazarin harsuna. Dalilai biyu ne. Na farko, za mu ga cewa lissafin da ake auna daji da shi da wanda ake auna kalmomin littafi da shi tushensu ɗaya. Na biyu, duk wanda ya je ƙirgar itatuwa a karkarar Nijar da sunayen Hausa ko na wani harshen ƙasa yake farawa, kuma suna yana iya gyara ƙirga ko ya ɓata ta.

Za mu yi amfani da kalmomi uku. « Yawan iri » shi ne adadin ire-iren da aka samu. « Daidaiton rabo » shi ne yadda ɗaiɗaikun halittu suka rabu tsakanin ire-iren. « Yalwar iri » kuma ita ce haɗin biyun, wato diversité spécifique.

1. Zamanin jerin sunaye

Aikin masana na farko tara sunaye ne. A shekara ta 1753 Linné ya jera kimanin iri 6.000 na tsirrai a littafinsa Species Plantarum, kowane da suna mai kalma biyu. Humboldt, bayan hawansa dutsen Cimborazo a 1802, ya nuna cewa tsirrai suna canzawa bisa ga tsawon dutse da sanyinsa. Amma jerin sunaye yana da wani aibi da aka daɗe ba a magance ba: tsawonsa ya danganta da faɗin ƙasar da mai jerin ya taka. Wanda ya yi wata guda yana yawo zai kawo sunaye fiye da wanda ya yi yini ɗaya, ko da dajin nasu ɗaya ne.

Wani Bature ɗan Ingila, Hewett Watson, ya lura da wannan a 1859. Ya fara da ƙaramin yanki na gundumar Surrey, ya dinga faɗaɗa shi har ya game Birtaniya, ya ga cewa yawan iri yana ƙaruwa tare da faɗin fili, amma ƙaruwar tana raguwa sannu a hankali. A 1921 Olof Arrhenius na ƙasar Suwed ya sa wa wannan dangantaka ƙa'idar lissafi. Daga baya masu nazarin tsibirai suka taƙaita ta da cewa idan fili ya ninka sau 10, yawan iri yakan ninka kusan sau 2. Darasin da aka ɗauka shi ne: ba a kwatanta jeri biyu sai an san faɗin filin da kowane ya fito.

2. Fangalin ƙirga

2.1. Daga Nebraska zuwa Danmark

Mafita ta farko ita ce a yanke fili mai iyaka, a ƙirga duk abin da ke ciki. Mun zaɓi mu kira shi « fangalin ƙirga », domin kamarsa da fangalin mai lambu. A 1898 wasu matasa biyu na jihar Nebraska a Amurka, Roscoe Pound da Frederic Clements, suka bayyana hanyarsu ta shata fangali mai metir 5 a kowane gefe su ƙirga tsirran cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya kai su ga haka shi ne sun gane ido yana ruɗin mai shi: tsiro mai fure mai ɗaukar ido yakan zama kamar ya fi yawa, ƙaramar ciyawa kuwa takan ɓace ko da ta fi shi yawa nesa ba kusa ba.

A Danmark, Christen Raunkiaer ya bi wata hanya tun 1909. Maimakon babban fangali ɗaya, sai ya riƙa aza ƙanana masu kashi 1 cikin 10 na metir murabba'i a wurare da yawa, yana rubuta ko iri kaza ya bayyana ko bai bayyana ba. A ƙasar Suwis kuma, tun 1901, Paul Jaccard ya ƙirƙiro ma'aunin kwatanta filaye biyu na duwatsun Alp da Jura: a ɗauki adadin ire-iren da suka yi tarayya a kai, a raba da jimlar ire-iren filayen biyu. Har yau ana aiki da wannan ma'auni, kuma masu kwatanta jerin kalmomi na karin harshe biyu su ma suna aro shi.

2.2. Makarantar Mompeliye da Sahel

Hanyar da ta fi tasiri a ƙasashenmu masu aiki da Faransanci ita ce ta Josias Braun-Blanquet, wanda ya wallafa babban littafinsa a 1928, ya kuma kafa cibiyar bincikensa a Mompeliye a 1930. A wannan hanya mai bincike yakan zaɓi wurin da tsirransa suka yi kama da juna, ya fara da ƙaramin fangali, ya dinga ninka shi har sai sababbin iri sun kusa daina fitowa. Wannan faɗi shi ne « mafi ƙarancin fili ». Sannan ya rubuta kowane iri tare da alamar yawansa da inuwar da ya rufe, daga + zuwa 5. Takardar da ya cika ita ce relevé.

Hanyar tana da sauri, kuma da ita aka yi yawancin bayanin tsirran Afirka ta Yamma da aka rubuta da Faransanci. Rauninta shi ne mai bincike da kansa yake zaɓen inda zai tsaya, kuma da ido yake kimanta yawa. Domin rage wannan rauni ne Daget da Poissonet suka fito da hanyar igiya a 1971: a miƙa igiya mai alamomi a tazara daidai, a tsayar da siririn ƙarfe a kan kowace alama, a rubuta ciyawar da ta taɓa shi. Masu nazarin makiyaya sun yi aiki da ita ƙwarai a Sahel. A nan ma sai da yanayin ƙasa ya koya musu wani abu: yawancin ciyawar Sahel, irin su ƙarangiya, a damina ɗaya take tsira ta yi ƴaƴa ta mutu. Wanda ya je ɗiba a watan Satumba da wanda ya je a watan Afrilu za su dawo da jeri biyu daban daga fili ɗaya. Ke nan lokacin ɗiba yana cikin sakamakon, kamar yadda faɗin fili yake ciki.

3. Shekaru goma sha biyar da suka canza tambayar (1943-1958)

3.1. Malam-buɗe-littafi na Malaya

Steven Corbet ya yi shekaru yana kama malam-buɗe-littafi a Malaya. Da ya jera abin da ya kama, sai ya ga iri 118 ɗaya tak ya samu daga kowannensu, iri 74 biyu-biyu, iri 44 uku-uku, haka adadin yake ta raguwa. A lokacin kuma, a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, C. B. Williams yana da tarkon fitila da ya kama masa ƙwarin dare 15.609 na iri 240 tsakanin 1933 da 1936, kuma rabonsu ya bi wannan tsari: ƴan iri kaɗan masu yawan gaske, da iri barkatai masu ƙaranci. Suka kai lambobin ga masanin lissafi Ronald Fisher. Maƙalar da su uku suka fitar a 1943 ta ba da ma'auni na farko na yalwar iri wanda bai cika canzawa ba idan ɗiba ta ƙaru ko ta ragu.

Muhimmancin wannan aiki a ganinmu yana ga lamba 118. Idan iri mafi yawa a jerinka su ne waɗanda ka gani sau ɗaya kawai, to babu shakka akwai wasu a bayansu da ba ka gani ba ko sau ɗaya. Frank Preston ya ba wannan hoto suna a 1948, inda ya kwatanta iyakar ɗiba da labule: duk sa'ad da aka ƙara ɗiba, labulen yakan ja baya, wasu iri su fito.

3.2. Inda nazarin harshe ya shigo

Duk wanda ya taɓa ƙirga kalmomin wani matani ya san wannan tsari. A kowane shafin Hausa « da » da « a » da « na » za su cika wuri, sannan a sami tarin kalmomi da suka fito sau ɗaya. A 1944 Udny Yule ya wallafa littafi a kan ƙirgar kalmomin adabi, yana neman tantance marubucin wani tsohon littafin addinin Kirista na Latin, ya kuma ƙirƙiro ma'aunin yadda marubuci yake maimaita kalmomi. Shi kansa Williams mai tarkon fitila ya rubuta maƙala a kan tsawon jimla tun 1940, ya kuma fitar da littafi a kan salo da kalmomi a 1970.

A 1949 Edward Simpson ya haɗa aikin Yule da na Fisher a cikin gajeriyar maƙala. Tambayarsa mai sauƙi ce: idan aka ɗauko halitta biyu da ka, mene ne yiwuwar su zama iri ɗaya? Alal misali, a ce muna da gona biyu, kowace da itace 100 na iri 5. A ta farko kowane iri yana da 20. A ta biyu sabara 92 ce, sauran iri huɗun biyu-biyu. Yawan iri ɗaya ne a duka biyun. Amma a gona ta farko yiwuwar a ɗauko iri ɗaya sau biyu kashi 20 ne cikin 100, a ta biyu kuwa kusan kashi 85. Ma'aunin Simpson ya kama abin da jerin sunaye ya kasa kamawa, wato daidaiton rabo.

Shekara ɗaya kafin haka, a 1948, Claude Shannon ya fito da lissafin auna bayanin da ke cikin saƙon waya, yana gwaji da haruffa da kalmomin Ingilishi. Ramon Margalef na Barselona ya ɗauko wannan lissafi a 1957 ya aza shi a kan ƙananan halittun ruwa, yana kallon kowane iri kamar harafi a cikin saƙo. Ma'aunin Shannon, wanda ɗaliban aikin gona da gandun daji suke haddacewa a yau, daga nazarin rubutu ya fito.

Aron bai tsaya a hanya ɗaya ba. A 1956 Joseph Greenberg ya ba da shawarar a auna yalwar harsunan ƙasa da yiwuwar mutum biyu da aka ɗauko da ka su kasance harshen uwarsu daban, wanda shi ne lissafin Simpson a juye. Wannan Greenberg shi ne ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, kuma shi ne ya tabbatar da matsayin Hausa a reshen Cadi na dangin harsunan Afro-Asiya.

3.3. Lissafin abin da ba a gani ba

A lokacin yaƙin duniya na biyu, Alan Turing da mataimakinsa I. J. Good suna aikin warware saƙonnin sirri na Jamus a Bletchley Park, inda Simpson ma ya yi aiki. Suna bukatar sanin yiwuwar cin karo da wata alama da ba su taɓa gani ba. Good ya wallafa amsar a 1953: a ɗauki adadin ire-iren da suka fito sau ɗaya tak, a raba da jimlar abin da aka ɗiba. Idan mun ƙirga itace 500, iri 10 daga ciki sau ɗaya suka fito, to yiwuwar itace na gaba ya zama sabon iri kimanin kashi 2 ne cikin 100. A 1956 Good da Toulmin suka faɗaɗa hanyar domin hasashen iri nawa za a ƙara samu idan aka ninka aiki. In aka bi ta da lambobin Corbet, ana tarawa ana ɗebewa (118 a cire 74, a ƙara 44, haka har ƙarshe), sai a sami kimanin sabon iri 75.

A 1976 Efron da Thisted suka juya wannan lissafi na malam-buɗe-littafi a kan Shakespeare. Rubuce-rubucensa suna da kalmomi 884.647, daga kalmomi daban-daban 31.534, kuma 14.376 daga cikinsu sau ɗaya suka fito. Suka kimanta cewa ya san aƙalla wasu 35.000 da bai rubuta ba. Duk mai aikin ƙamus na Hausa, daga Bargery na 1934 zuwa yau, ɗiba yake yi, kuma wannan tambaya tana kansa.

4. Yawan ma'aunai da gyaransu

Daga shekarun 1960 ma'aunai suka yi yawa. Robert Whittaker, a bincikensa na duwatsun Siskiyou a 1960, ya raba yalwa gida uku: ta wuri ɗaya, ta bambancin da ke tsakanin wurare, da ta yanki gaba ɗaya. A ƙasarmu za mu ce yalwar jigawa daban, ta fadama daban, kuma ratar da ke tsakaninsu ita ma abin awo ce. A 1968 Howard Sanders, mai nazarin halittun ƙarƙashin teku, ya kawo hanyar rage babbar ɗiba ta lissafi har ta yi daidai da ƙarama kafin a kwatanta su, kamar yadda ba a kwatanta farashin hatsi sai da tiya ɗaya.

Amma ma'aunan sukan saɓa wa juna: Shannon ya ce wannan daji ya fi, Simpson ya ce wancan. A 1971 Stuart Hurlbert ya yi suka mai zafi, yana cewa kalmar yalwa ta rasa ma'ana. Mark Hill ne ya daidaita al'amarin a 1973, da ya nuna cewa yawan iri da Shannon da Simpson ƴan gida ɗaya ne, bambancinsu kawai nauyin da kowane yake ba iri masu ƙaranci, kuma ana iya mayar da kowannensu zuwa adadin iri. A misalinmu na sama, gona ta farko tana da iri 5 cikakku, ta biyu kuwa a ma'aunin Simpson da kaɗan ta wuce iri 1. A 1984 Anne Chao ta Taiwan ta ba da hanya mai sauƙi ta kimanta mafi ƙarancin iri da ke akwai: a ninka adadin masu fitowa sau ɗaya da kansa, a raba da ninki biyu na masu fitowa sau biyu, a ƙara a kan abin da aka gani. Idan an ga iri 30, masu sau ɗaya 10, masu sau biyu 5, to aƙalla iri 40 ne a wurin.

Ɗiba tana iya ɗaukar mai ita nesa. Terry Erwin ya fesa maganin ƙwari a kan itace 19 na iri ɗaya a Panama, ya tara kimanin iri 1.200 na ƙwari masu taurin fiffike, daga nan a 1982 ya yi ta ninkawa har ya kai hasashen iri miliyan 30 a duniya. Binciken da ya biyo baya ya rage adadin ƙwarai. Duk da haka muhawarar ta taimaka wajen kai maganar yalwar halitta gaban shugabanni, har aka sa hannu a yarjejeniyar Riyo a 1992, wadda Nijar ta amince da ita a 1995.

5. Matsalar suna da abin da ke gabanmu

Duk waɗannan lissafai sun dogara da abu ɗaya: a san cewa wannan tsiro da wancan iri ɗaya ne ko biyu. A karkara mai bincike yakan tambayi manomi ko makiyayi suna, sannan ya nemi na Latin a littafi, kamar jerin sunayen tsirrai na Hausa da likita Dalziel ya fitar a 1916, ko wanda Peyre de Fabrègues ya yi wa Nijar a ƙarshen shekarun 1970. Amma rabon Hausa da na Linné ba koyaushe suke dacewa ba. Goriba da kaba tsiro ɗaya ne, Hyphaene thebaica, sunan ya bi girma da amfani. Kalgo kuwa suna ɗaya ne da ya rufe iri biyu na Piliostigma. Kuskure na farko yana ƙara iri na ƙarya, na biyu yana haɗiye na gaskiya. Haka kuma idan aka rubuta suna ɗaya da karin Katsinanci a wata takarda, da na Damagaram ko na Adar a wata, yana iya shiga jeri a matsayin iri da ya fito sau ɗaya. Mun ga a sama cewa a kan masu fitowa sau ɗaya ne lissafin Good da na Chao suka tsaya.

Maganar ba ta makaranta kaɗai ba ce. Tun shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma a gona, har aka kimanta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo da itace kusan miliyan 200. A 2020 wani bincike da hotunan tauraron ɗan Adam ya ƙirga fiye da itace miliyar 1 da miliyan 800 a fili mai kilometir murabba'i miliyan 1 da dubu 300 na Sahara da Sahel na yamma. Waɗannan lambobi na yawan itace ne. A ƙasa, gawo ne ya mamaye gonakin Magarya da Matamaye da Mirya, a wasu wuraren kuma sabara da kalgo da taramniya, alhali itace irin ƙirya yana ƙara wuyar gani. Gona tana iya yin kore ta kasance irin gona ta biyu a misalinmu. Rahoton da ya tsaya ga jimla ba zai nuna haka ba, kuma abin da rahoto bai nuna ba da wuya a ware masa kuɗi ko doka.

6. Kammalawa

Tarihin da muka bi ya tashi daga jerin sunaye, ya bi ta fangali mai iyaka, ya kai ga ma'aunan rabo, ya ƙare a kan kimanta abin da ɗiba ta rasa. A kowane mataki an gano cewa sakamakon yana ɗauke da alamar yadda aka yi ɗibar: faɗinta, lokacinta, da wanda ya zaɓi wurin. Mu muna ƙara sunan da aka rubuta a cikin wannan jeri.

Bisa ga haka muna ba da shawara biyu. Ta farko, duk takardar ɗiba da aka cika a karkara ta ƙunshi sunan tsiro yadda mai ba da bayani ya furta shi, da garin da aka ji shi, tare da reshe ko ganyen da aka adana domin tantancewa. Ta biyu, sashenmu da na kimiyyar tsirrai su haɗa hannu a sabunta jerin sunayen tsirran Nijar, kari bayan kari, tun dattawan da suka san itatuwan da suka yi ƙaranci suna raye. Kalmomin da muka gabatar a nan, ɗiba da fangalin ƙirga da yalwar iri, gwaji ne, kuma muna jiran gyara daga abokan aiki.